Gidan abincin unguwa a Italiya da hakkin makaɗinsa

Manyan ƙungiyoyin duniya uku masu kula da sha'anin noma da cimaka duk a birnin Roma suke da mazauni: FAO, wadda ta tare can a 1951, da PAM mai kai agajin abinci, da FIDA wadda aka kafa a 1977. Saboda haka ba a shekara ba tare da ma'aikatan Nijar sun tafi can taro ko ƙarin ilimi ba, kuma tun da aka soma aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984 da kuɗin Italiya, sanayya ta daɗa ƙarfi tsakanin ƙasashen biyu. To, wanda ya wuni cikin zauren taro yana sauraron jawabai a kan abinci, in magariba ta yi tilas shi ma ya nemi abin da zai sa a bakin salati. A nan mutane suka kasu biyu. Wani sai ya kulle kansa a otel, ya ci abin da ba shi da bambanci da na otel ɗin Paris ko na Abijan, ya komo gida bai san ɗanɗanon garin ba. Wani kuma sai ya bi ayarin ƴan yawon buɗe ido zuwa gidajen da aka gina domin aljihun baƙo, a tsawwala masa kuɗi, a rera masa waƙar da ba ta da sauran rai. Alhali kuwa a bayan manyan tituna akwai gidan abincin unguwa, inda mutanen gari ke ci, inda makaɗi ke shigowa da gitarsa ana tsakiyar cin abinci. Can ya kamata baƙo ya nufa. In ya je kuma, ya saurara, ya sallami makaɗin sallama ta mutunci, domin abin da ya yi aiki ne, kuma aiki ne da aka daɗe ana cin moriyarsa ba a biyan mai shi yadda ya dace.

Italiyawa sun rarrabe gidajen abincinsu da sunaye. Ristorante shi ne babban gida mai farin ƙyalle bisa tebur da ma'aikata masu tufafi iri ɗaya. Trattoria ƙarami ne, galibi na iyali guda: maigida na karɓar baƙi, matarsa ko uwarsa na madafa, ɗa ko ƴa na kai farantai. Osteria kuwa a dā wurin shan giyar inabi ne na leburori, har mutum kan zo da abincinsa a ƙunshe, daga baya ne aka soma dafawa a ciki. Yau sunayen sun cuɗe, har wani mai tsadar gaske yakan rubuta osteria a ƙofarsa don a zaci na talakawa ne, saboda haka allon ƙofa ba shaida ba ne. Shaidar gidan unguwa ita ce maigidan ya san masu shigowa da sunayensu, ya san wanda likita ya hana wa gishiri, ya san teburin da tsohon nan ke zama tun matarsa na da rai. Abincin ma yakan bi ranaku bisa tsohuwar al'adar Roma: Alhamis ƴan curin dankali da fulawa da ake kira gnocchi, Juma'a kifi, Asabar tumbi.

Wanda ya fito daga ginin FAO ba ya bukatar mota kafin ya sami irin wannan wuri. Tafiyar ƙafa da ba ta kai rabin awa ba za ta sada shi da unguwar Testaccio. Sunanta daga wani tudu ya samo asali, mai tsawon wajen mita 35, wanda ba komai ba ne illa tsingaron tulunan man zaitun da Romawan dā suka riƙa jibgewa shekaru aru-aru. A gindin tudun an haƙa ɗakuna masu sanyi, waɗansunsu yanzu gidajen abinci ne. A nan kuma babbar mahautar birnin ta zauna daga 1891 har aka rufe ta a 1975. Ana raba sa kashi huɗu a kai wa masu hali. Abin da ya saura, watau kai da wutsiya da kayan ciki, shi mahauta ke kira kashi na biyar, kuma da shi ake cika ladan ma'aikata. Matansu da masu gidajen abinci na kewaye su suka mai da wannan rara abincin da Roma ke taƙama da shi yau. Unguwar da ta iya dafa wutsiyar sa ta iya waƙa kuma. A nan aka haifi Gabriella Ferri a 1942, wadda ta sake raya tsofaffin waƙoƙin Roma har ta kai su rediyo da talabijin. A shekarar da aka rufe mahautar aka buɗe makarantar kiɗa ta jama'a ta Testaccio, inda Giovanna Marini, mai tattara waƙoƙin manoma da na ma'aikata, ta daɗe tana koyarwa. Wani sashe na tsohuwar mahautar ya zama ɗakunan koyon kiɗa.

Ba a cin abincin dare da wuri a Roma. Wanda ya iso kafin ƙarfe 8 zai tarar da kujeru wayam. Abinci yana zuwa bi da bi ne: ɗan abin buɗe baki, sannan kwano na farko wanda galibi taliya ce ko shinkafa, sannan na biyu na nama ko kifi tare da ganye a gefe, sannan kayan zaƙi ko ƴaƴan itace, a rufe da gahawa ƴar kaɗan mai ɗaci. Babu tilas a ci duka, kwano biyu sun isa, ba kuwa wanda zai harari mutum. Taliyar nan da Italiya ta yi suna a kanta tana da tsohon tarihi da Musulmi: masanin ƙasa al-Idrisi ya rubuta a 1154 cewa a garin Trabia na tsibirin Sisiliya ana yin ta da yawa, ana loda wa jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Amma Musulmin yau sai ya buɗe ido. Shahararrun taliyar Roma uku, carbonara da amatriciana da gricia, duk da naman kumatun alade ake yin su. Wadda ake kira cacio e pepe cuku ne na madarar tumaki da masoro kawai, haka kuma mai miyar tumatir tsura. Wutsiyar sa da tumbin ma akan soya su da kitsen alade ko a zuba musu giya, sai an tambaya. Kalmomi huɗu sun wadatar: senza maiale, watau ban da alade, da senza vino, ban da giya. Da yawa daga masu gasa pizza a birnin Misirawa ne, a madafa kuma akwai ƴan Bangaladash, tambayar ba baƙuwa ba ce a kunnensu. Wanda ya fi son kwanciyar rai ya tsaya ga kifi da ganye, ko ya nufi tsohuwar unguwar Yahudawa a bakin kogin Tiber, inda gidajen da ke bin ƙa'idar addininsu ba su taɓa alade.

Wani zai ce wurin da ake shan giya ba wurin zaman Musulmi ba ne. Wannan magana ce tsakanin mutum da malaminsa, shafin jarida ba zai yanke ta ba. Abin da kawai za a tuna shi ne a ɗakin cin abincin otel ma ana sha, kuma a gidan unguwa kwalbar ruwa ita ake fara ajiyewa bisa tebur.

Wajen ƙarfe 9, in an ci kwano na farko, hira ta yi zafi, sai makaɗi ya turo ƙofa. Wani lokaci shi kaɗai ne da gita, wani lokaci su biyu ne, ɗaya riƙe da akordiyo ko mandolin, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya takwas da ƙoƙon ciki kamar rabin duma. Ba shi da dandali, ba shi da amsa-kuwwa. Yakan gai da maigida, ya tsaya inda ba zai tare wa masu kai abinci hanya ba, ya soma a hankali yana karanta fuskoki. Gwaninta tana nan: ya gane teburin da ake maganar kasuwanci ya ba shi nisa, ya gane na tsofaffi biyu masu bikin shekarun aurensu ya matsa kusa. A Roma akwai wani salo da ake kira stornello, gajerun baitoci ne da akan ƙaga nan take, sau da yawa na habaici da ba'a, wani ya jefa wani ya mayar. In gidan na unguwa ne da gaske, daga wani tebur za a ji an amsa, mai dafuwa ta leƙo daga madafa, amshi ya game ɗakin. Bayan waƙa uku ko huɗu sai makaɗin ya zagaya da ɗan faranti, ya yi godiya, ya wuce gida na gaba.

Asalin wannan sana'a ya fi ƙarfi a Napoli, birnin kudu mai tashar jiragen ruwa. Can ana kiranta posteggia, masu yin ta kuma posteggiatori. Kafin garmaho da rediyo su ne ke yaɗa waƙa. A wancan zamani, a kowane watan Satumba ana bikin Piedigrotta inda ake fito da sababbin waƙoƙi, masu ɗab'i su buga su a takarda, amma waƙa ba ta shiga bakin jama'a sai makaɗan gidajen abinci sun ɗauke ta sun kai ta tebur-tebur. Da haka Funiculì funiculà ta 1880 ta game gari. Da miliyoyin Italiyawa suka yi ƙaura zuwa Amurka da Arjantina neman abinci daga ƙarshen ƙarni na 19, waƙoƙin suka bi su, suka zauna a gidajen abincin unguwanninsu na can. Santa Lucia luntana ta 1919 ma kan masu barin Napoli a jirgin ruwa aka tsara ta. Enrico Caruso, wanda aka haifa a Napoli a 1873, da waƙa a titi da gidajen shan gahawa ya soma neman na kansa, kafin ya zama mawaƙin da duniya ta fi sani a zamaninsa, musamman bayan fayafayen da ya ɗauka a Milan a 1902.

Sai dai ba kowa ne Caruso ba, kuma labarin waƙar da ta fi kowace shahara ya isa a yi tunani. A 1898 aka fito da 'O sole mio. Giovanni Capurro, ɗan jarida, shi ya tsara baitocin, Eduardo di Capua kuma, ɗan wani mai goge da ke yawon kiɗa, shi aka sani da karin. Sun sayar da ita ga gidan ɗab'i na Bideri a kan kuɗi kaɗan. Caruso ya sa ta a faifai a 1916, Elvis Presley ya rera karin da baitocin Ingilishi a 1960 ya sayar da miliyoyin fayafai, har yau babu daren da ba a rera ta a ɗaruruwan gidajen abinci daga Napoli zuwa Tokiyo. Di Capua ya mutu a 1917 cikin talauci, Capurro ya bi shi a 1920 cikin irin wannan hali. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tambayar wa ke cin ribar kiɗan gidan abinci ta daɗe da zuwa gaban alƙalai. A Paris, a 1847, wani mai tsara waƙoƙi, Ernest Bourget, ya kai ƙarar wani gidan shaƙatawa da ke rera waƙoƙinsa ga masu shan abin sha ba tare da an ba shi ko tamma ba. Ya ci shari'ar, daga nan aka kafa SACEM a 1851 domin karɓar hakkin masu tsara waƙa. Italiya ta kafa tata ƙungiyar a Milan a 1882, ita ce ta zama SIAE. A Amurka, mai tsara kiɗa Victor Herbert ya yi ƙarar wani gidan abinci na Niyu Yok mai suna Shanley. Masu gidan suka ce ai su ba su karɓar kuɗin shiga, abinci suke sayarwa, kiɗan kyauta ne. Kotun ƙoli ta ƙi wannan hujja a 1917. Alƙali Holmes ya bayyana cewa kiɗan yana cikin abin da mai cin abinci ke biya, kuma da ba ya kawo riba da tuni an daina shi. Hujjar nan har yau ba ta tsufa ba. Mutum ba don yunwa kaɗai yake zuwa trattoria ba, domin taliyar da zai biya yuro 12 a kanta zai iya dafa ta a gida da abin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba. Zama yake saye, da hira, da sautin da ke sa ya ƙara minti talatin ya nemi kayan zaƙi da gahawa. Wannan ƙarin kuwa aljihun maigida yake shiga.

Amma a lura da wanda dokokin nan suka kare. Kuɗin da gidan abinci ke biyan SIAE na wanda ya tsara waƙa ne da wanda ya buga ta, ko magadansu. Mutumin da ke tsaye da gita tsakanin tebura, wanda maƙogwaronsa ke aikin, ba shi da kaso a ciki sai in waƙar tasa ce. Gaskiya ne Italiya ta kafa wa ma'aikatan wasa da kiɗa asusun tsufa tun 1947, mai suna ENPALS, wanda aka haɗe da babban asusun ƙasa, INPS, a 2012, kwatankwacin CNSS a Nijar. Maigidan da ya ɗauki makaɗi aiki wajibi ne ya shaida wa hukuma ya zuba masa kuɗin. To amma sau da yawa a hannu ake biya, babu takarda, mai yawo gida-gida kuwa ba wanda ya ɗauke shi balle ya zuba masa. Abin da ya faɗa cikin farantin nan shi ne albashinsa, shi ne kuɗin maganinsa, shi ne guzurin tsufansa. An ga ƙarshen wannan hali a 2020. Da annobar korona ta sa gwamnati ta rufe gidajen abinci a watan Maris, duniya ta sha kallon Italiyawa suna waƙa daga barandar benayensu, kowa na yabo. Masu waƙa don neman abinci kuwa suna zaune ba aiki, kuma wanda ba shi da takardar shaidar aiki da ƙyar agajin gwamnati ke iske shi. A watan Oktoban shekarar ma'aikatan wasa da kiɗa suka jera akwatunan kayan aikinsu 500 a dandalin babbar majami'ar Milan don a san suna nan.

Baƙo daga ƙasar Hausa bai kamata farantin nan ya ruɗe shi ba, har ya ɗauke shi ƙoƙon bara. Ya fito daga inda mahauta ke da kalangu, maƙera ke da dundufa, manoma ke da gangar noma, kuma ya san kyautar da ake yi wa makaɗi ladan aiki ce, ko da an kira ta kyauta. Ya kuma san aibin tsarin: lada da ke rataye ga farin cikin mai bayarwa ba ta da tabbas, ran da aka ƙoshi a yi ɓarin kuɗi, ran da rai ya ɓaci a kau da kai. Shi ya sa nauyin ya rabu biyu. Maigidan da ke cika teburansa ran Juma'a da Asabar saboda kiɗa ya yanka wa makaɗi kuɗi sananne, ya rubuta shi a takarda kamar yadda yake rubuta mai wankin kwanoni. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Mai cin abinci kuma ya ba da nasa. A Italiya ba dole ba ne a bar wa mai kai abinci tukuici mai yawa, saboda haka babu hujjar a ce aljihu ya ƙare kafin faranti ya iso. Yuro ɗaya sefa 656 ne. Tebur mai mutum huɗu da ya ajiye yuro 5, watau jika 3 da ƴan kai, bai yi ɓarna ba, in kuwa teburin ne ya roƙi waƙa sai ya ninka. Ma'aikacin da aka ba kuɗin guzuri na kwana biyar, ya ci nama da kifi, sannan ya tsunduma kai cikin wayarsa sa'ad da faranti ya zo gabansa, ya yi abin da ba zai yarda a gan shi yana yi ba a gidan biki a Maraɗi. Ladabin sauran abu ne mai sauƙi: a rage murya in ana waƙa kusa, a tafa in an gama, kada a ɗauki hoton mutum ko sautinsa sai da izininsa, domin muryar ita ce hajarsa.

Abubuwa biyu ke cin wannan sana'a. Na farko amsa-kuwwa ce da ke maƙale a bango, wadda ba ta cin abinci, ba ta gajiya, ba ta neman ƙari. Na biyu ya fi wuyar magana, domin da fuskar aboki yake zuwa: yawan baƙi. Baƙo waƙa biyar ya sani, su yake roƙo, makaɗi kuwa abin da ake biya shi yake rerawa. Da haka ɗaruruwan waƙoƙi suka koma biyar. Roberto Murolo, da murya da gita kaɗai, ya cika manyan fayafai 12 tsakanin 1963 da 1965 da waƙoƙin Napoli na ƙarnoni da dama. Mai yi wa baƙi kiɗa a yau zai iya shekara bai taɓa ko kashi ɗaya cikin goma nasu ba. A Venis masu tuƙa kwale-kwale da mawaƙansu suna rera wa baƙi 'O sole mio, alhali waƙar Napoli ce, gari mai nisan ɗaruruwan kilomita, da wani karin harshe dabam. Ba abin mamaki ba ne in an dubi lissafi: tsakiyar birnin Venis tana da mazauna wajen 175,000 a 1951, a 2022 ba su kai 50,000 ba. In gidajen kwana suka koma masaukin baƙi, maƙwabta suka tashi, babu mai amsa amshi. Unguwar Trastevere ta Roma, mahaifar mawaƙi Claudio Villa, ta kama wannan hanya.

Za a ce ai da baƙin ne makaɗa ke ci, in babu su da sana'ar ta mutu tuntuni, kuma wannan shafi da kansa baƙi yake turawa can. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Bambancin yana ga yawa da kuma hali. Baƙo biyu cikin ɗaki mai mutum arba'in na unguwa su ke bin ɗakin. Ayarin mota guda kuwa ɗakin ne ke bin su. Baƙon kirki ba ya isa da jerin waƙoƙinsa. In makaɗi ya tambaye shi abin da yake so, amsa mafi kyau ita ce ya rera abin da mutanen unguwar ke so, ko abin da ya koya wurin ubansa. Sau da yawa a nan ne fuskar mutumin ke sakewa, ya gyara tsirkiya, ya fito da abin da ya daɗe bai rera ba. Italiyawa da kansu sun farga da irin wannan asara ta fannin abinci tun 1986, sa'ad da buɗe gidan McDonald's kusa da dandalin Spagna a Roma ya tayar da ƙura, Carlo Petrini da abokansa suka kafa ƙungiyar da ta zama Slow Food, mai alamar dodon koɗi, wadda tun 1990 take buga littafin jagora na ƙananan gidajen abinci masu riƙe da girkin gargajiya. UNESCO ta sa gwanintar masu gasa pizza na Napoli cikin gadon duniya a 2017, ta sa waƙar opera ta Italiya a 2023. Girki ya sami masu kare shi, babbar waƙa ta manyan zauruka ta samu. Makaɗin tebur har yanzu farantinsa ne gatansa.

Akwai kuma masu cewa kiɗa yana hana hira, maƙwabta na sama kuma suna son barci. Waɗannan suna da gaskiya a kan gidajen da ke kafa ganguna da manyan amsa-kuwwa har tsakar dare, kuma hukumar gari tana da hurumin ƙayyade musu lokaci. Amma gita guda da murya guda na minti goma sha biyar ba su taɓa hana kowa barci ba. Wanda ke da muhimmiyar magana da abokin aiki ya shaida wa maigida tun da shigarsa, za a ba shi teburin lungu, makaɗin ma da ido ɗaya zai gane.

Gane gidan ba wuya. Wanda aka tsayar da mutum a ƙofarsa yana kiran masu wucewa, ko aka liƙa hotunan abinci da jerin farashi cikin harsuna shida, a wuce shi. A nemi wanda jerin abincinsa gajere ne, wani lokaci da alli aka rubuta a allo, wanda ke da ranar hutu guda a mako, wanda ake jin yaren gari a ciki, akwai yara da kakanni a tebur ɗaya. Ba kowane irin wannan gida ne ke da kiɗa ba, kuma mai shi ba kowane dare ba, saboda haka a tambayi mai gadin ofis ko direban da ke zaune a unguwar, sun fi ma'aikacin otel sani. A duba takardar lissafi: a yawancin Italiya ana ƙara kuɗin zama na kowane mutum da ake kira coperto, a yankin Laziyo inda Roma take dokar 2006 ta hana shi, sai dai akan sa kuɗin burodi. Kafin a tashi a tambayi maigida sunan makaɗin da daren da yake zuwa, a rubuta a bayan takardar lissafin, a miƙa wa abokin aikin da zai tafi taron watan Oktoba.